Mushe daga Kumasi

Hausawa kan ce baƙo makaho ne ko da yana da idanu. Wani saurayi ɗan Zangon Kumasi, a ƙasar Gana, bai ɗauki wannan magana a bakin kome ba ranar da ya hau mota zuwa Nijar cikin watan Satumba na 1993. A ganinsa ba baƙunci za ya yi ba. Kakansa Bagobiri ne da ya bi fataken goro zuwa Gwanja bai komo ba, kuma Hausa ake yi a gidansu. Ga shi da takardar shaida daga jami'ar Cape Coast, wadda aka kafa a 1962 don horar da malamai. Wani ɗan kasuwa mai kai-komo tsakanin Kumasi da Maraɗi ne ya faɗa masa cewa wata kwaleji mai zaman kanta tana biɗar malamin Ingilishi. Shi ne aikinsa na fari a duniya, kuma tsohuwarsa ta sayar da zannuwanta biyu kafin kuɗin mota su cika.

Ya bi ta Tamale da Bolgatanga, ya ƙetare iyaka a Paga, ya ratsa Wagadugu da Fada Ngurma har Yamai, daga nan Dosso, Dogonduci, Birnin Ƙonni, sai Maraɗi. Tun daga Paga Ingilishin da yake taƙama da shi ya daina ci. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba shi izinin shiga ba tare da biza ba har kwana 90, amma jandarma da ƴan duwan da Faransanci suke tambaya, shi kuwa ko gaisuwa bai iya ba.

Shugaban makarantar ya karɓe shi da mutunci, ya kuma gindaya masa sharaɗi biyu: wata uku na gwaji, sannan ba a yin Hausa cikin aji. Aka ba shi ajin farko na kwaleji, wanda ake ce ma sizyam, inda yaran Nijar ke fara Ingilishi bayan shekara shida suna karatu da Faransanci. Mai karatu ya duba wannan hali: malami ba ya jin Faransanci, yara ba su jin Ingilishi, harshe ɗaya da ya haɗa su kuma an hana.

Ranar da ya fara shiga aji, yara suka miƙe tsaye suka gaishe shi, sai ya ji suna ce masa «Mushe». Ransa ya ɓaci ƙwarai, don a saninsa mushe dabba ce da ta mutu ba a yanka ba. Sai da mai gadin makaranta ya yi dariya har da hawaye, kana ya gane da shi cewa haka ake kiran malamin lakwal a nan, daga kalmar Faransawa ta girmama namiji. Da marece mai shayi ya ce masa kuɗinsa ashirin, ya miƙa ƙwandalar 25 yana jiran canji. Ashe da dala ake lissafi, dala kuwa tamma biyar ce, ashirin ɗin nan 100 ke nan. Ya kwana yana tunanin cewa mutumin da bai iya sayen shayi ba shi ne aka damƙa ma ɗiyan mutane.

Wata na fari ya wuce cikin wahala. Yana magana, yara na kallon bakinsa. Ya rubuta a allo, su kwafe da kyakkyawan rubutu ba tare da sun san abin da suka rubuta ba. Da ya yi masu jarrabawa, aka ce a bisa 20 ake ba da maki, ba bisa 100 kamar a Gana ba. Mafi yawan ajin ba su kai 10 ba. Kuskure guda ya fi damunsa: kusan kowa ya kasa rarrabe his da her.

Wata rana haƙurinsa ya ƙare, ya manta da doka, ya nuna wata ɗaliba ya ce da Hausa: «Yarinyan nan, ya kawo littafinsa.» Aji ya ɓarke da dariya. Hausar Zango ta daɗe da barin bambancin namiji da tamace, kowa «ya» ne. Yarinyar ta miƙe cikin ladabi ta ce: «Mushe, ni mace ce. Ta kawo littafinta ake cewa.»

Kunya ta kama shi, amma cikin kunyar sai ya hangi abin da ya ɓace masa wata guda. Ya rubuta littafinsa, ya sa his book a gabansa. Ya rubuta littafinta, ya sa her book. Aji ya yi tsit, can sai wani yaro ya ce: «Ashe iri ɗaya ne!» Iri ɗaya ne kuwa. Faransanci yana duban abin da aka mallaka, shi ya sa son livre ke nufin littafin namiji ko na tamace. Hausa da Ingilishi kuwa suna duban mai abin. Yaran sun san wannan ƙa'ida tun suna goye. Bi ta Faransanci ne ya ɓatar da su.

Daga ranar suka ƙulla ciniki. Duk kuskuren Hausar da ya yi su gyara masa, shi kuma ya biya su da kalmar Ingilishi. Su suka koya masa cewa ƙofa daban take da kofa. Shi kuma ya nuna masu cewa mota, direba, birki, bokiti da burodi, waɗanda suke ji kullum a tasha da kasuwa, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su.

Magana ba ta ɓuya. Wata safiya shugaba ya tsaya bakin taga ya ji kome, ya kira shi ofis.

«Mushe, ba mu yi da kai ba a yin Hausa ba?»

«Ranka shi daɗe, mun yi. Na karya doka. Amma ina roƙon ka shiga ka tambaye su da kanka, in ba su amsa ba in ɗauki jakata.»

Shugaba ya shiga, ya yi tambaya biyar, hannuwa suka tashi ko'ina. Da ya fito bai yaba ba, bai kuma tsauta ba. Abin da ya ce kawai: «In za ka yi, ka riƙa rufe taga.» Ƙarshen Disamba aka tabbatar da shi a aiki.

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, tammar Faransa da ake saye 50 ta koma 100. Kaya suka yi tsada, ɗan abin da yake tarawa don ya maida ma tsohuwarsa zannuwanta ya zama ba kome ba. Ya yi shawarar komawa gida. Sai uban yarinyar nan da ta gyara masa Hausa, wani mai fatauci zuwa Katsina da Kano, ya zo har ɗakinsa ya ce: «Malam, ɗiyata ta ce kana koyarwa da harshen da mutum ke ji. Ni ma ina son in karanta takardun kayana da kaina.» Cikin mako biyu ƴan kasuwa shida ke zama bisa tabarmarsa bayan sallar lisha. Da kuɗinsu ya aika gida kafin babbar salla.

Yaran ajin sun kai jarrabawar BEPC a hannunsa. A watan Maris na 2025, da dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasar Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, tsohon ya ji labarin a rediyo, furfura ta rufe masa kai. Bai ce kome ba game da siyasa. Ya tuna da tagar nan dai da ya yi shekaru yana rufewa. Har yau in sabon malami ya zo neman shawara, ce masa yake ya fara tambayar yara abin da suka riga suka sani, kuma in sun yi masa dariya kada ya yi hushi, ya saurari abin da ya ba su dariyar.