Kwanakin Jira

Jiran labari ya fi jin labarin wuya, balle in labarin na lafiyar jiki ne. Ga yadda wata mace, matar wani tela a Zariya, ta yi da nata jiran.

Tun tana budurwa, in al'ada ta zo mata sai mara ta murɗe har ta kasa tashi. Manya suka ce in ta haihu zai bari. Ta yi aure, shekara 8 ba haihuwa, ciwo kuwa sai gaba ya ke yi. Da aka kai ta babban asibiti aka ɗauki hoton cikinta, sai aka ga ƙullutu a gidan ƙwai na hagu. Likita ya ce, "Malama, ina zaton endometiriyosis ne, amma mai yiwuwa ne ciwon daji ya shiga. Sai an yi fiɗa za a tabbata." Aka sa rana, mako uku.

Wannan ciwo, watau tsoka irin wadda ke shimfiɗe cikin mahaifa ce ke tsirowa a waje da ita. Kowane wata ita ma sai ta yi jini, ga shi ba hanyar fita, sai ya taru ya yi baƙi. Yana samun wajen mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa. Tun 1925 wani likitan Amurka, John Sampson, ya nuna daji na iya tasowa daga irin wannan tsoka, amma kaɗan ne ƙwarai abin kan kai su ga haka. Akwai awon jini da a ke kira CA-125, nata kuwa ya hau, sai dai yakan hau a ciwon nan ko babu daji. Ba mai yanke hukunci sai madubin likita, bayan an ciro tsokar an duba.

Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Maƙwabta suka yi ta kawo sassaƙe, wata ma ta ce wanzami zai tsaga ya fitar. A rana ta uku ta ɗauko littafin da ta yi ajin ilmin manya da shi, ta rubuta tambaya uku. Za a cire mahaifa? In an cire gidan ƙwai ɗaya, ɗayan zai yi aiki? In daji ne, mene ne magani? Ta ce da yayarta, "Yaya, ki raka ni, kunne huɗu ya fi biyu." Likita ya amsa, ta rubuta. Da dare in tsoro ya taso sai ta yi alwala ta yi nafila, sa'an nan ta karanta amsoshin. Ta kuma gaya wa maigida kome, har da maganar haihuwa, don kada ya ji a bakin wani.

Ranar fiɗa ta karanta takardar yarda tukuna, ta sa hannu da sunanta, ba dangwale ba. Aka cire gidan ƙwan hagu. Bayan mako biyu amsa ta zo: tsohon jini ne, ba daji. Aka ce ta riƙa zuwa awo, gama ciwon yakan dawo.

Da ma daji ne, zuwanta da wuri shi ne zai cece ta, da ikon Allah. Saboda haka duk macen da aka ce wa "mai yiwuwa", kada ta ɗauka an gama magana, kada kuma ta gudu daga asibiti. Allah ya ba mu lafiya, amin.