Akori-kurar Baba da ke gindin darbejiya



Da yawanku kun san tsohuwar akori-kurar nan da ta daɗe a gindin darbejiya a gidanmu na Kadawa. Waɗansunku ma kun yi wasan ɓuya a cikinta kuna yara. Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Baba ya saye ta a hannun wani da kuɗin alkama da tumatir. Su Baba ne farkon waɗanda suka ci moriyar ruwan Tiga, bayan an kammala dam ɗin a 1974 aka jawo ruwa ta kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da nan wajenmu. Da guminta aka biya mana kuɗin makaranta, a bayanta kuma aka ɗora akwatinmu ranar da za mu tafi kwalejin tauhidi. Da Baba ya huta, sai aka lulluɓe ta da tamfol. Shekara shida kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba.

Ba marmari ne ya sa muka yaye tamfol ɗin ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ɗaukar kaya ya zama abin da ya zama. Ƙanenmu da ke noman tumatir yakan zauna ya yi lissafi, ya ga abin da mai mota zai karɓa daga gona zuwa Kwanar Gafan ya kusa cinye ribar kwando. Ku kuma kuna damunmu da zancen motar da za ta riƙa kai ku bishara ƙauyuka. Sai muka ce bayan an yanke shinkafa za mu taɓa ta, mu gama kafin tumatir ya nuna a watan Janairu.

Wa'azi muka koya, ba kanikanci ba. Don haka muka je muka gai da wani dattijo maƙwabcinmu, Musulmi, abokin Baba, wanda ya yi shekaru yana gyaran motoci kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Ya ce ba zai iya sunkuyawa ba, amma a ajiye masa kujera a inuwa, zai yi magana mu kuma mu yi aiki. Abin da ya fara hana mu shi ne shiga ƙarƙashin mota alhali jak ne kaɗai ke riƙe da ita. Sai da aka gangaro da tsofaffin turame biyu na Mama aka tokare ta.

Kowace Asabar muka yi ta fama. Man da ya kwana shekara shida a tanki ya zama kamar ƙaro, sai da muka sauke tankin muka wanke. Muka kwance kafireto muka wanke shi a tsohuwar tasa, wani ƙaramin ƙarfe ya faɗa cikin ƙasa, muka yi awa guda muna tankaɗe rairayi da rariyar gari. Ɓeraye sun ci wayoyi. Muka sake fulogi da baƙin mai da batir, muka kai lagireto aka toshe inda yake yoyo. Sau uku muna zuwa Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan gyara, kuma abin mamaki, har yanzu ana samun kayan 504 idan mutum ya yi haƙurin tambaya.

Ranar da ta tashi, a tsakiyar Disamba, waɗanda kuke wurin kun tuna. Ta yi tari sau biyu, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta ɗauki wannan ƙara da muka sani tun muna yara. Mama ta fito daga madafa ta tsaya, ba ta ce komai ba, ta koma ciki. Ku kuka ɓarke da waƙa. Da yammacin nan muka je muka sayo fenti gwangwani biyu da ragowar kuɗin da ke hannunmu, har muna gardama da ku a kan ayar da za a rubuta a ƙyauren baya.

Dattijon nan bai yi murna kamar mu ba. Ya ce, “Fasto, kun koya mata tafiya. Wa ya koya mata tsayuwa?”

Muka ce, “Baba, ai mun taka birkin, yana kamawa.”

Ya ce, “A tsakar gida yake kamawa.”

Mun ji maganar, amma ba mu ɗauke ta ba. Kashegari bayan sujada muka ce bari mu ɗan zaga da ita ta hanyar bakin kanal. Yara huɗu suka ɗare baya, ɗaya daga cikinsu autarmu ce. Kun san hanyar, siririya ce, ruwa a hannun dama, gona a ƙasa ta hagu. Da muka zo inda take gangarawa, ga wani yaro da amalanken shanu a gabanmu. Muka taka birki, ƙafarmu ta tafi har ƙasa kamar mun taka danƙo. Muka sake takawa, babu. Allah ya taimake mu a giya ta biyu muke, muka karya kan motar hagu, ta gangara ta cusa hanci a tarin bambaron shinkafa ta mutu. Babu wanda ya ji ciwo. Yaran ma dariya suke yi, sun ɗauka wasa ne. Mu kuwa mun daɗe a zaune ba mu iya sakin sitiyari ba.

Da aka jawo ta gida, dattijon ya sa muka bi bututun birki da yatsa daga gaba har baya. Man birki yana shan danshi idan ya daɗe, danshin kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Bututun da ke zuwa tayar baya ya ruɓe, da muka taka da ƙarfi sai ya fashe. Robobin masta, wato tukunyar da ke tura man zuwa tayoyi, sun bushe sun tsattsage. Ya kuma nuna mana lambobi huɗu da ke gefen kowace taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayoyinmu suna da zane kamar sababbi, amma sun haura shekara goma. Jami'an kiyaye haɗurra kan ce taya ta wuce shekara huɗu a yi hattara da ita.

A daren nan ne wata aya ta hana mu barci, Kubawar Shari'a 22:8. A can an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa ƙaramar katanga kewaye, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Mun rubuta jarrabawa a kanta a kwaleji, mun kuma koyar da ita a matsayin al'adar mutanen da ke shan iska a kan soro. Ba mu taɓa haɗa ta da kanmu ba. Katangar nan ba ta ƙara wa gida ɗaki, mai gidan kuma ya san inda bakin rufinsa yake. Saboda baƙo da yaro aka ce a yi ta. Mu da muke shirin ɗora 'ya'yan mutane goma sha a bayan mota, kuɗinmu na ƙarshe fenti muka saya.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Kuɗi ya ƙare, sai da muka jira albashin wata biyu kafin mu haɗa na bututu da masta da tayoyi. Tumatirin ƙanenmu ya nuna a farkon Janairu, lokacin da kwando ke da daraja, motar kuwa tana kan turame. Ya roƙe mu mu ɗaure bututun da ya fashe a yi lallaɓa da birkin gaba kawai, kamar yadda wasu ke yi. Muka ƙi. Ya ɗauki haya, ya yi mako biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ba mu ga laifinsa ba, bashin taki ne a wuyansa. Ku ma kun tafi taron sabuwar shekara a motar haya, mun kuma ji abin da waɗansunku suka faɗa.

A ƙarshen Fabrairu muka fitar da iska daga birkin. Aiki ne na mutum biyu: ɗaya yana takawa ya riƙe, ɗaya yana ƙasa yana buɗe ƙusar man ya rufe. Ƙanenmu ne ya zauna a kujerar direba. Muna ƙasa muna cewa “taka, riƙe, saki”, taya bayan taya, har man ya daina fitowa da kumfa. Muka sabunta takardu, aka duba ta aka ba mu shaidar lafiyar mota. Da asubar wata Talata ta kai kwandunanta na farko Kwanar Gafan. Tumatir ya riga ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, abin da ya samu bai kai rabin na Janairu ba.

Fentin yana nan a ɗakin ajiya ba a buɗe ba. Abin goge gilashi ba ya aiki, ga damina tana tafe, fitilar baya ta hagu kuma sai an buga ta take kamawa. Mai hannu a harkar waya a cikinku ya zo Asabar da ƙarfe takwas, ya taho da gwadonsa.