Yadda sabufa biyu suka kusa sa in ji kunya a wajen SIWES

1/ Jama'a, bari in ba ku labarin abin da ya same ni a situdiyon da nake SIWES. Ɗakin haɗa sauti ne na Dolby Atmos, tsarin 7.1.4: sifika 7 daidai kunne, 4 a sama, sai tashar bes. Sabufa biyu ne da mu, duka a jere a bangon gaba.

2/ Oga ya ba ni wani yanki na fim in gyara, wurin da hadari ke tasowa. Ina zaune a kujerar aiki, tsawar ba ta da nauyi ko kaɗan. Na yi ta ƙara bes har na ji ta zauna. Wallahi har ina yabon kaina.

3/ Washegari mai fim ya kira. Ya kunna a falonsa, tagogi na rawa, maganar 'yan wasa ta nutse. Oga bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Tashi daga kujerar, je ka tsaya jikin bangon baya." Na je. Bes kamar zai fasa min ƙirji.

4/ Ashe ɗakin ne ya yaudare ni. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Tsawon ɗakinmu mita 4.3 ne, wato rabin tsawon igiyar 40 Hz. Igiyar na bugun bango ta dawo ta haɗu da kanta: jikin bango ta taru, a tsakiya ta kashe kanta. Kujerata kuwa dab da tsakiya take.

5/ Na ce, "Oga, ai sai mu ɗaga 40 Hz a EQ." Ya ce in ka ƙara mai zuwa, ka ƙara mai dawowa, za su ci gaba da cinye juna. Sabufan kawai za ka wahalar.

6/ A nan na fahimci aikin. Ƙananan sifikokin sama ba sa iya ɗaukar bes, don haka ana yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a tura wa sabufa. Ita kuma tashar LFE daban take, tana kaiwa 120 Hz, kuma ana ƙara mata 10 dB wajen kunnawa. Duk wannan kaya kan sabufa yake sauka. In mazauninsu ya ɓaci, komai ya ɓaci.

7/ Kuma sabufa biyu a gefen juna tamkar ɗaya ce mai ƙarfi. Todd Welti na kamfanin Harman ya nuna cewa raba su, misali a tsakiyar bangaye biyu masu fuskantar juna, shi ke daidaita bes tsakanin kujeru.

8/ Muka ja ɗaya zuwa tsakiyar bangon baya, ɗayar tsakiyar na gaba. Muka kafa makirfon awo, na buɗe REW a laftof. Ramin 40 Hz ya cike, amma wani ya ɓullo a 80 Hz, inda sabufa ke miƙa wa sifika hannu.

9/ Wannan matsalar lokaci ce. Milisakan 1 kusan santimita 34 ne. Muka yi ta gyara jinkiri muna sake awo har layin ya miƙe. Sai a ƙarshe muka taɓa EQ, shi ma don rage tudu kawai.

10/ Na sake haɗa yankin, na sauke duk bes ɗin da na tula. Mai fim ya karɓa. Ni dai yanzu kafin in taɓa komai sai na tashi na zaga ɗakin tukuna. Masu ƙaramin situdiyo a gida, ku auna tsawon ɗakinku ku faɗa min a ƙasa, sai mu lissafa inda raminku yake.