Wa Zai Biya Kuɗin Auna Ruwan Odaw?

Duk shekara idan watan Yuni ya kama a nan Ankara, babban birnin Gana, hirar majalisa takan koma kan ruwa. Na Alajo ya ɗora katifarsa bisa tebur, na Asylum Down ya ƙara wa dokin ƙofarsa bulo ɗaya, mu kuma na Nima da Mamobi mu riƙa leƙen babbar kwatar nan da mu ke kira gota, muna duban inda ruwa ya kai. Kowa na zagin shara, kowa na zagin gwamnati. Amma akwai wata magana da ban cika jin ana yi ba, ita na ke so mu tattauna yau, 'yan'uwa, watau wa ya kamata ya biya kuɗin binciken ruwan nan tun kafin a kai ga batun siminti da rodi.

Ni a bakin gotar nan na tashi. A ruwan Yuli na 1995 ya shigo ɗakin mahaifiyata har gwiwa, ya jiƙa buhunan shinkafar da ta ke sayarwa, sai da ta shekara tana biyan bashi. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne, ruwan da ya sauka a kan rufinmu bai isa ya cika ɗaki ba. Ruwan waɗansu ne ya gangaro ya same mu.

Mu bi sawunsa mu gani. Kogin Odaw ya taso ne daga tuddan Akwapim, wajen Abokobi, ya biyo ta Achimota da Alajo da Avenor, ya wuce shatale-talen Kwame Nkrumah da Agbogbloshie, ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Tafiyar wajen kilomita 30 ke nan. Gotarmu ɗaya ce daga cikin rassansa. Ta biyo ta Kawukudi, ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi, ta sauka Paloma da Asylum Down, sa'an nan ta haɗu da uwar kogin. A kusa da wannan mahaɗa ne a daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutum sama da 150 su ka rasu.

A wancan lokaci Nima da Mamobi da Alajo da Asylum Down duk suna ƙarƙashin majalisa ɗaya ce, ta birnin Ankara. A 2018 da 2019 a ka yayyanka ta. Nima ta koma Ayawaso ta Gabas, Mamobi ta koma Ayawaso ta Arewa, Alajo ta faɗa Ayawaso ta Tsakiya, Asylum Down kuwa ta shiga Korle Klottey. Ban ƙi wannan rabo ba, domin ofis ya matso kusa da talaka, tsohuwa ba sai ta shiga mota biyu kafin ta kai kukanta ba. Sai dai ledar da a ka jefa a Kawukudi da safe, kafin azahar ta gaisa da majalisu uku. Idan kuwa a ka ɗauki kwarin Odaw gaba ɗaya, majalisu 17 ne ke da hannu a ciki.

To, mene ne ma binciken? Waɗansu na ɗauka takarda ce kawai da turawa ke rubutawa a ajiye a kabad. Aiki ne na zahiri. Ana kafa ma'aunin ruwan sama a wurare dabam-dabam, domin ruwan da a ka yi a Abokobi ba lalle shi a ka yi a Nima ba. Ana sa ma'aunin tsawon ruwa a gadoji. Safiyo ya bi magudana taki-taki, ya auna faɗinta da zurfinta da yawan yashin da ya cike ta. A zana taswirar da ke nuna tudu da kwari, a duba kuma yadda teku ke tare bakin Korle idan ta cika, har ruwan kogi ya rasa mafita ya dawo baya. Duk wannan a ke zuba wa kwamfuta, ita kuma ta nuna inda ruwa zai kwanta idan an yi irin saukar da a kan samu sau ɗaya a shekara goma, ko sau ɗaya a shekara hamsin. Da wannan lissafi ne injiniya ke sanin girman kwalbatin da zai sa. In babu shi, sai ya gina da ka.

Kuma ba ya yiwuwa kowace majalisa ta yi nata ita kaɗai. A ce ta sama ta samu kuɗi ta faɗaɗa magudanarta, ta shafe ta da siminti sumul. Mutanenta za su yi murna, gaskiya ne. Amma ruwan da a da ya kan yi awa biyu yana jan ƙafa cikin ciyawa da yashi, yanzu cikin ɗan lokaci ya iso ƙasa gaba ɗayansa, ya tarar da tsohon kwalbati mai ƙaramin baki. Gyaran wani ya zama ɓarnar wani.

Na taɓa zama a wani taron unguwa inda a ka tada wannan magana. Jami'in da ya zo ya ba mu amsa cikin ladabi, ya ce ruwan ba daga yankinsa ya taso ba, don haka ba zai iya ɗaukar kuɗin mutanensa ya auna ruwan wasu ba. Daga baya wani abokina da ke zaune can sama ya gaya mini su ma an ba su amsa, an ce ai ruwa ba ya cin su, me zai sa su biya? Duka biyun ba su yi ƙarya ba, shi ya sa maganar ta ke da wuya. Ga kuma wani dalili da ba a faɗa a taro: bincike ba shi da ƙyallen da za a yanka, ba a kafa masa allo mai ɗauke da sunan wani. Ɗan majalisar da zai koma neman ƙuri'a bayan shekara huɗu ya fi son fitilar titi da rumfar kasuwa, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin mu ɗin ma abin da mu ke tambayarsa ke nan.

Amma wannan irin rigima mun san ta, kuma mun san maganinta, a cikin gidajen hayarmu. Kafin mitar kati ta yawaita, gida mai ɗaki goma sha biyu mita ɗaya gare shi. Idan takardar kuɗin wuta ta zo, ba a raba ta daidai wa daida, domin da an yi haka da gwauro mai ƙwan fitila ɗaya ya biya wa mai firij. Sai a ƙirga maki: ƙwan fitila maki kaza, fanka kaza, dutsen guga kaza, firij kaza. A gidanmu wani tsohon tela ne ke riƙe da littafin, kuma ya kan shiga ɗaki-ɗaki ya gani da idonsa, don akwai masu ɓoye dutsen guga a ƙarƙashin gado. Ana gardama, wani lokaci har a kwana biyu ba a gaisawa, amma a ƙarshe ana biya, ba a yanke mana wuta ba.

A ganina haka ya kamata a yi wa Odaw. Makin kowace majalisa shi ne yawan ruwan da ta ke turowa. Fili mai ciyawa yana shan ruwa, rufin kwano da tsakar gida mai tayil ba sa shan ko ɗigo. Unguwannin da su ka cika da sababbin gidaje a wajen Abokobi da Ashongman, inda a da daji ne da gonaki, sun ƙara wa kogin kaya, kuma hoton tauraron ɗan Adam yana nuna wannan ƙarara, ba mai iya ɓoye shi a ƙarƙashin gado. A haɗa da ƙarfin aljihu, domin majalisar da ke karɓar harajin gida a East Legon ba ɗaya ta ke da mai karɓa a Mamobi ba. Kada kuma mu 'yan zango mu ɗauka za mu fita fes. Rufinmu a manne ya ke da juna, babu inda ruwa zai nitse, ga sharar da ke shiga gota. Namu makin ma ba kaɗan ba ne, sai mu biya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce wanda ruwa ya fi ci shi zai fi biya.

Wani zai ce ai Bankin Duniya ya riga ya ɗauki nauyi. Haka ne, a 2019 ya amince da dala miliyan 200 domin shirin GARID na kwarin Odaw, a 2023 ya ƙara miliyan 150. A ciki akwai yasar kogin, da sake gina gotar Nima daga Paloma zuwa ƙasa, da tsarin gargaɗi kafin ambaliya, har an kafa kwamitin da ya haɗa majalisun wuri ɗaya. Madalla. Amma bashi ne, kuma shiri ne mai ranar ƙarewa. Da annobar korona ta zo a 2020, an ɗebi dala miliyan 65 daga ciki an kai wajen yaƙi da ita. Auna ruwa kuwa ba shi da ranar ƙarewa, domin garin da a ka auna bana ba shi ne za a tarar bayan shekara biyar ba.

Manyan gine-gine dai sun fi ƙarfin majalisu, na gwamnatin tsakiya ne da Hukumar Ruwa da Magudanai da a ka kafa a 2022. Amma awo da sabunta taswira ba su fi ƙarfin majalisu 17 in sun haɗa hannu ba. Kuma su ne su ka fi kowa bukatarsa, tun da su ke ba da izinin gini. Jami'in da ba shi da taswirar inda ruwa ke kwanciya, da me zai hana mutum gini a kan hanyar ruwa? Sai ya bari a gama, bayan ambaliya a zo da jan fenti da katafila. Wanda ya biya kuɗin takarda kuma shi ke da ikon cewa a ba shi ita, ya liƙa ta a bangon ofis inda mai sayen fili zai gani kafin ya zuba kuɗinsa.

Hanyar doka a buɗe ta ke. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba majalisu damar kafa kwamitin haɗin gwiwa a kan aikin da ya shafe su tare. Tsarin mulkin 1992 kuma ya tanadi asusun bai-ɗaya na majalisu, wanda ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, kuma Majalisar Dokoki ce ke amincewa da yadda za a raba shi kowace shekara. Ana iya cire kason kowa tun daga can, kafin kuɗin ya iso hannu a fara neman uzuri.

In ma wannan ya yi nisa, majalisu ukun da gotarmu ta ratsa suna iya farawa da kansu. A zana ma'auni da fenti a jikin gadar Kawukudi da ta Paloma da ta Asylum Down, a ɗauki mutum ɗaya a kowane wuri, a ba shi littafi da tocila da ɗan alawus, ya riƙa rubuta lokaci da inda ruwa ya kai duk ranar da a ka yi ruwan sama. Idan an kira taron kasafin kuɗi na gaba a majalisarmu, wannan ce tambayar da zan ɗaga hannu in yi: sidi nawa a ka ware wa wannan aiki, kuma an yi magana da maƙwabta ko ba a yi ba?