Sai Tukunya Ta Ji Wuta

'Yan'uwa marubuta, duk lokacin da aka taru aka tambayi kowa abin da yake yi in ya ajiye alƙalami, amsar ba ta wuce karatu da nazari. Wani ya ce bitar Magana Jari Ce yake yi, wani ya ce ƙamus yake dubawa. To mu dai namu abubuwan uku ne, kuma ba ma jin kunyar faɗinsu a wannan fili. Na farko, shirye-shiryen talabijin da ake tara mutane na gaske, ba 'yan wasa ba, a sa masu ido a ga yadda za su kaya. Na biyu, finafinan 'yan ta'adda masu ban dariya, waɗanda ake zubar da jini a cikinsu amma mai kallo na ƙyaƙyatawa. Na uku kuwa girki ne a gida, da hannunmu. Mun san wani zai ce wannan ai ɓata lokaci ne. Mu kuwa a wurinmu makaranta ce, kuma darasinta ɗaya ne tak: halin mutum ba ya fitowa sai ya ji wuta.

Bari mu fara da na farko. Shirin Big Brother an fara shi ne a ƙasar Holan a 1999, kuma ya samo sunansa daga littafin George Orwell na 1949. Ya iso Nijeriya a 2006, inda Katung Aduwak ya lashe, sannan ya dawo a 2017. Dabarar ba ta da wuya. A kulle baƙin juna a gida ɗaya na tsawon makonni, a raba su da waya da labarin duniya, a kafa masu na'urar ɗaukar hoto dare da rana, masu kallo su riƙa jefa ƙuri'ar wanda zai zauna. Akwai abubuwa da dama a ciki da suka saɓa wa tarbiyyarmu, ba kuma kare su muka zo yi ba. Abin da ke riƙe mu shi ne yadda kowa ke shigowa da fuskar aro, yana fara'a yana ladabi, amma kafin a yi mako biyu sai ka ji rigima ta kaure a kan wa ya cinye naman miya, wa ya ƙi wanke kwano. Hausawa sun riga sun faɗa, zo mu zauna, zo mu saɓa. Haka zalika, abin da ake nuna mana a taƙaice ba duka ba ne. Wani ne ya zauna ya tsinto mintoci kaɗan daga sa'o'i 24 ya jera su suka zama labari. Wannan tsinta da jerawa kuwa ai shi ne aikin marubuci.

Sai finafinan. Alal misali, a Fargo na 1996, wanda 'yan'uwan nan biyu Joel da Ethan Coen na Amurka suka shirya, wani dillalin motoci ne bashi ya yi wa katutu, sai ya yi hayar ɓarayi biyu su sace matarsa don ya karɓi kuɗin fansa daga surukinsa attajiri. Daga nan komai ya rikice, aka yi ta kashe mutane a banza. Ba kisan ne ke ba da dariya ba, wauta da kwaɗayi da ƙaryar da ke haifar da wata ƙaryar su ne abin dariyar. Wadda ta warware lamarin kuwa 'yar sanda ce mai tsohon ciki, wadda mijinta ya tashi da duku-duku ya soya mata ƙwai kafin ta tafi duba gawarwaki. Haka kuma a Pulp Fiction na 1994, na Quentin Tarantino, makasa biyu suna kan hanyar zuwa aikinsu amma hirar abincin Faransa da na Amurka suke yi a mota. Wannan ƙwai da wannan hira su suka sa muka yarda mutane muke kallo.

Kada wani ya ɗauka wannan salo baƙo ne a wurinmu. Tun muna yara ake ba mu tatsuniyar Gizo yana jefa Kura cikin halaka muna dariya. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma, ramuwar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna cike take da duka da ɗauri da wulaƙanci, amma har yau ana karantawa ana murmushi.

Girki shi ne malamin da ba ya karɓar uzuri. In za ka yi tuwo, sai ka yi talge ka bar shi ya dahu kafin ka zuba gari ka tuƙa da muciya, sannan ka rufe ya turara. Ka yi gaggawa, ka ci ɗanyen gari. In miyar kuka ce, sai daddawa ta nuna tukuna, sannan ka riƙa barbaɗa kukar kaɗan-kaɗan kana kaɗawa da maburgi, in ba haka ba ta yi gudaji. Labari ma haka yake. Wanda ya juye duk asirin labarinsa a babi na farko, ya zuba kuka gaba ɗaya ke nan. Kuma mai girki ba ya jiran sharhin masana, domin kwano ne ke ba shi amsa, ko ya dawo wayam ko ya dawo da saura.

Abin da ya sa muka kawo wannan zance shi ne, muna yawan karanta rubuce-rubucen sababbin marubuta, mu tarar da taurarin da ba sa jin yunwa, ba sa gumi, ba sa kuskure. Yarinya kyakkyawa ce tun daga shafin farko har na ƙarshe, saurayi mai kuɗi ne mai kirki, mugu kuwa mugu ne ba dalili. In an zo cin abinci sai a ce an cika tebur da kayan alatu, ba a faɗi ko me aka dafa ba, balle wanda ya sha hayaƙin dafa shi. Mai karatu na yau da waya a hannunsa yake, in bai ga mutum irinsa a shafi ba sai ya ajiye littafin ya koma kallo, kuma ba mu da bakin zarginsa.

Saboda haka shawararmu ga mai son rubutu ita ce, ya daina raina abin da jama'a ke kallo, ya zauna ya gano abin da ya riƙe su. Sannan in ya koma kan takarda, ya ɗora tauraronsa a kan murhu, ya sa masa bashi ko yunwa ko abokin zama mai wuyar hali, ya iza wuta a hankali, ya jira. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.