Amanar Ƙyalesu

Ranar da muka bar Tungar Daji, cikin watan Janairun 2022, abu uku mahaifina ya ce ba zai bari a baya ba: Alƙur'aninsa, da buhun irin gero, da karensa. A makon nan ne 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, aka rasa rayuka masu yawa, duk mai inda zai je ya kama hanya. Direban a-kori-kurar da muka samu ya ce shi bai ɗaukar kare. Baba bai yi musu da shi ba, sai ya ƙirga kuɗin mutum guda ya miƙa masa. Haka Ƙyalesu ya hau kan kaya, ya zauna yana kallon garin da ya tsare shekara huɗu har ƙura ta rufe shi.

Ba irin karnukan da aka saba gani a ƙauyenmu ba ne. A ranin 2018 wasu Buzaye masu raƙuma daga wajen Tawa suka sauka a gonar Baba, dabbobinsu na cin kara suna bar masa taki. Suna tare da wata karya doguwa mai siraran ƙafafu da 'ya'yanta. Baba ya nemi a sayar masa da ɗaya, babbansu ya ce su ba sa sayar da irin wannan. Sai ranar da za su tashi ya aiko yaronsa da ɗan kwikwiyo a cikin zane. Baba ya ba da dami biyu na gero tukwici. Maƙwabta suka yi ta surutu wai dattijo kamarsa ya rasa abin tarairaya sai kare. Amsar da ya ba su ita ce sunan da ya raɗa masa.

Kafin shekara ta zagayo kafaɗarsa ta kai cinyata. Ja ne, da fari a ƙirji da ƙafafu, kuma ko ya ƙoshi kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Zomo bai tsere masa a fili. Da dare yakan kwanta tsakanin rumbu da turken awaki, kuma sau biyu haushinsa ya tashe mu muka shige daji kafin mu kanmu mu ji ƙugin babura.

A Sakkwato, inda nake karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wani ɗan'uwan mahaifiyata ya samo mana hayar ɗaki biyu a hawa na biyu na wani bene. Mu bakwai ne, ga kare na takwas. Gidan iyali shida ne, matakala ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Tun daren farko na gane cewa abin da ya sa Ƙyalesu ya zama abin alfahari a Tungar Daji shi ne zai zame mana fitina a nan. A can duk motsin dare abin tuhuma ne, yin haushi kuwa aikinsa ne. A nan mutane na hawa da sauka har ƙarfe ɗaya, kowane taku sai ya amsa shi.

Kwana uku aka yi, mai gidan ya zo da kansa.

"Malam, ni ban san da kare ba sa'ad da na ba ku ɗaki. Mata sun ce ya shinshina masu kwanoni, yara ba su iya sauka."

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji Baba. "Amana ce. Ka ba mu lokaci kaɗan."

Ya ba mu wata uku. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma na ga yadda 'yar maƙwabcinmu ke manne wa bango in mun zo wucewa.

Maganar najasa ita ta fi yi wa Baba ciwo, har ya aike ni wajen limamin unguwa. Liman ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta ko tsaron dabbobi ko shuka. Ya ba ni labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala, wanda aka ce ya ajiye kare a gidansa lokacin da ya ji tsoro bayan katangarsa ta faɗi. Amma ya ƙara da tambayar da ta hana ni barci: "To ɗana, a saman benen nan me yake farauta, me yake tsaro? Haƙƙin maƙwabci fa yana nan, shi ma karen yana da nasa haƙƙi a kanku."

A ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da ya kai wata takwas. Abin da ya zame wa abokaina asara ni ya ba ni lokaci. Kullum bayan sallar asuba nakan sa wa Ƙyalesu igiya mu sauka kafin yara su fito, mu yi tafiyar kusan awa guda zuwa bayan gari, in sake shi ya yi gudu. Na koyi abubuwan da ban taɓa tunani a kansu ba a ƙauye. Na koyi kwashe kashinsa da leda. Na kai shi asibitin dabbobi aka yi masa allurar rigakafin ciwon haukar kare, aka ba ni kati, aka ce in dawo da shi bayan shekara. Na saba da wani mahauci da ke tara mini ƙasusuwa. A gida ƙanzo da ragowar tuwo da abin da ya kamo sun ishe shi, a birni kuwa kowace loma sai an saya, a gidan da mu kanmu muke auna tsaba da gwangwani. Wata rana na ji Inna tana cewa a hankali, "Yaran nan ba su ƙoshi ba." Ba ta ambaci kare ba, amma na san abin da take nufi.

Cikin wannan hali wani abokina da ke karatu a Faransa ya aiko mini da hoto ta WhatsApp: wata Baturiya riƙe da kare sak Ƙyalesu, an sa masa rigar sanyi. Ya ce a can sunansa Azawak, sunan kwarin nan da ya ratsa Nijar da Mali, kuma ana sayensa da tsada. Ya ce tun 1970 dokar ƙasar ta hana mai gida ya haramta wa ɗan haya ajiye dabbar gida, matuƙar ba ta yin ɓarna ko damun maƙwabta, sai dai dole a yi wa kare rajista. Da farko na yi kishi. Da na ƙara duban hoton sai na ga idon karen irin na Ƙyalesu ne in yana leƙen titi ta tagar ɗakinmu. Doka tana iya ba kare izinin zama a bene, amma ba ta iya faɗaɗa ɗakin.

Duk fitar da muke yi ba ta ishe shi ba. Ya fara cin ƙofa, ya rage cin abinci, yana yini yana kewaya ɗaki. Sai da na daɗe ina lura da shi kafin in lura da Baba. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, ga shi yanzu kan tabarma daga safe har la'asar, rediyo a kunne, yana jiran labarin Anka. Buhun irin gero na nan a lungu, ya hana a taɓa ko da ranar da ba mu da abin ɗorawa. Su biyun ciwo ɗaya ke cin su, ɗaya ne kawai ke iya nuna nasa.

Saura mako biyu wa'adi ya cika, mahaucin nan ya haɗa ni da wani manomin albasa a fadamar Kwalkwalawa, kan hanyar jami'a, wanda ɓarayi suka sace wa injin ban-ruwa. Yana neman kare. Baba ya ce ba ya sayarwa, kamar yadda ba a sayar masa ba, kuma sai ya ga wurin da idonsa. Muka je. Da na kwance igiyar, Ƙyalesu ya tsaya jim, sannan ya yanki fadamar da gudu har ya zama ɗigo. Baba kuwa ya durƙusa ya ɗebi ƙasa yana murzawa, yana tambayar mutumin sau nawa yake ba da ruwa a mako. Hirar da ta fara kan kare ta ƙare da an ba Baba aron wani yanki na tudu a gefen gonar. Da damina ta faɗi ya buɗe buhun nan.

Yanzu na gama digiri. Har yau muna haya, har yau ba mu koma Tungar Daji ba, kuma ban san ranar komawa ba. Ƙyalesu ya fara furfura a baki, zomaye sun soma tsere masa. Amma kowace safiya yana bakin hanya yana jiran Baba ya sauko daga mota da fartanyarsa.

Na ɗauka riƙon amana shi ne ka ƙanƙame abin da aka ba ka ko me zai faru. Wata uku a saman bene suka koya mini cewa wani lokaci amanar ita ce ka nemo masa inda zai yi abin da aka halicce shi domin shi, ko da ba a ƙarƙashin rufinka ba ne. Igiyarsa na nan rataye a bayan ƙofarmu. Inna ta ce in jefar, na ce a bar ta tukuna, za a buƙace ta ranar da za mu hau mota mu koma gida.