Gyaran Tsohuwar Na'urar Wasa ta Hannu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana a kan ƙananan na'urorin wasa na hannu waɗanda masu ƙera su suka sallama.

Misali Nintendo 3DS, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 2011. A 2020 aka daina ƙera ta. A watan Maris 2023 aka rufe kantinta na intanet inda ake sayen wasanni, a Afrilu 2024 kuma aka yanke hanyar da masu ita ke wasa da juna daga nesa. Ga na'ura lafiyarta lau, amma an toshe mata ƙofofi.

To, a cikin kowace irin wannan na'ura akwai manhajar da ke ba ta umarni tun daga kunnawa. Waɗansu masana 'yan sa kai sun rubuta tasu, sunanta Luma3DS, ana ɗora ta ta katin ajiya na SD. Da ita mutum yana iya kwafe wasan da ya saya tun katinsa bai lalace ba, ya kuma buga wasan Japan a na'urar Turai, abin da dā ba ya yiwuwa.

Ni akawu ne, kuma abin da ofis ya koya mini shi ne, takardar da ba ta da kwafi, ran da gara ta ci ta, ta tafi ke nan. Don haka na ɗora wa tawa.

Amma ina jan kunnen 'yan'uwa da abu biyu. Na fari, a cika batir, a bi umarni daki-daki, a kwafe ainihin manhajar kamfani a adana a kwamfuta, gama kuskure yana iya kashe na'ura, ta zama kamar tubali. Na biyu, ƙofar da ta ba ka damar kwafe naka, ita ce ke ba mutum damar ɗaukar na wani. Wanda ya sauke wasan da bai biya ba, hakkin waɗanda suka yi gumi suka tsara shi yana wuyansa.

A ganina mutum yana da ikon gyara abin da ya saya da kuɗinsa, muddin bai ci hakkin kowa ba. Ina so malamai masu karatu su faɗa mana nasu ra'ayi. Allah ya sa mu dace.

Ni ne naka,
Wani Akawu